Gugan da Ba Ya Taɓa Ƙasa

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayata Indo, Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta. Tara fa! Ni da na ɗauka ba zan iya mako guda ban ji muryarta tana yi mini faɗa ba, ga ni nan na ci na sha, na aurar da 'ya'ya, furfura ta cinye mini rabin kai. An ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ban kuwa musa ba. Sai dai ba kewa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Wani abu na gani da idona a ƙarshen bazarar nan, a bakin rijiyar ƙauyenmu, tun ranar yake cina a rai, in ban faɗa wa wani ba ba zan samu sukuni ba.

Sunana Rakiya. Na koyar da yara a firamare har ƙarfi ya fara ja baya na ajiye alli. Ƙauyenmu yana can bayan Wagini, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Ba zan faɗi sunansa ba, duk ɗan Batsari ko Safana da ke karanta wannan ya san dalili. An yi shekaru ba mai kwana a cikinsa. Mu mutanensa muka dawo cikin garin Batsari, muka raɓe a gidajen dangi da ɗakunan haya, kullum muna cewa sai baɗi.

Rijiyar tana gabas da gari, ƙarƙashin wani tsohon faru. Tsofaffi sun ce sai da aka ga ruwa a cikinta sannan aka kafa ɗakin farko. Muna yara, in rana ta take tsaka mata sun watse, ni da Yaya mukan kwanta rub da ciki a bakinta mu leƙa. Can ƙasa, nesa, sai mu ga sama ta dunƙule kamar faifai, ga kawunanmu biyu baƙi ƙirin a gefenta. Yaya takan ce akwai wani gari a can ƙasa irin namu sak, da wata Indo da wata Rakiya, su ne suka leƙo suna kallonmu. Takan yi musu sallama, rijiya ta dawo mata da muryarta a sanyaye, ta zungure ni ta ce, “Kin ji? Sun amsa.” Na yarda da wannan magana har na yi wayo, kuma in gaskiya ake so, har yau ban gama ƙaryata ta ba.

A garinmu, a wancan lokaci, kowane gida da gugansa. Kada mai karatu ya ɗauki wannan ƙaramar magana. Aron guga abin kunya ne, matar da aka ga tana ja da na maƙwabta sai a ce mijinta ya gaza. Amarya ma da nata ake kai ta, cikin kayan ɗaki. Na wasu na robar taya ne, na wasu na ƙwarya, masu hali kuwa na fata suke riƙewa, wanda muke kira wasaki. Kowa ya gama ja sai ya yar da nasa nan ƙasa cikin taɓo, inda shanu da jakuna suka tsaya suka yi abin da suka saba, har ya gama gyara gammo. A gida a jefa shi bayan ɗaki wajen kaji. Gari na wayewa a sake zura shi cikin ruwan da kowa zai sha. Haka muka taso muka gani, ba wanda ya taɓa ganin aibunsa.

Yaya a nan cikin gari ta yi aure. Autarta sunanta Hajara, wata 'yar ɓul-ɓul da tun da ta fara tafiya ba ta da aiki sai bin kaji. Wata damina amai da gudawa suka shigo mana, ba gidan da ba a yi jinya ba. Kafin a samu abin hawan da zai iya da taɓon hanya, jikin Hajara ya saki. A asibiti ta cika, a hannun uwarta. Wata ma'aikaciya a wurin, bayan ta yi wa Yaya gaisuwa, ta tambaye ta inda muke ɗibar ruwa, da inda muke ajiye guga in mun gama ja. Tambaya ce kawai ta yi, ta wuce wajen wani majinyacin. Yaya ta dawo gida da gawar ɗiyarta, da wannan tambaya a kanta.

Aka yi zaman makoki aka watse. Sai wata safiya aka nemi gatarin mijinta aka rasa, aka neme ta ita ma aka rasa. Hankali ya tashi, har an fara leƙa rijiya. Da hantsi sai ga ta daga daji tana jan wata ƙatuwar gwafa ta icen ƙirya, irin icen nan da gara ke haƙura da shi. Ta haƙa rami a gefen rijiya, ta kafa, ta danne gindin da duwatsu. Mata suka ajiye tuluna suna kallon ikon Allah. Wata ta ce, “Indo, rumfa za ki kafa mana?”

Ta share gumi ta ce, “Guga ɗaya za mu yi, na gari. Nan zai rataya, shi da igiyarsa. Ba ya zuwa gidan kowa, ba ya taɓa ƙasa.”

Wai! Sai ka ce ta zagi iyayen mutane. Aka ce baƙin ciki ya taɓa ta. Aka ce ajali in ya yi kira ba ruwansa da guga, wanda gaskiya ne, ita ma ba ta taɓa musu ba, cewa dai take Wanda Ya halicci ajali Shi Ya halicci hankali. Wasu suka ce ai ta gugan tarayya za a riƙa zuba wa mutane sammu. Yaya kuwa ba ta iya lallashi ba, wannan kam ba zan rufa mata asiri ba. Ta bi gida-gida, inda ya kamata ta roƙa sai ta yi faɗa, har ƙawayenta suka fara sauya hanya in sun hango ta. Da ƙyar, bayan liman ya sa baki, mai unguwa ya ce a gwada. Sai Baba Tanko ya ce ba a haifi wanda zai hana shi zuwa da wasakinsa ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Baba Tanko baduku ne, shi ke ɗinka wasakin duk wani mai hali a gari, kuma ya girmi mai unguwa, don haka in ya ce a'a rabin gari sun ce a'a. A nan ne na ga Yaya ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba, kafin nan ko bayan nan: ta sauke murya. Ta ja ni na raka ta. Muka durƙusa a ƙofar zaurensa, ta gaishe shi da kwana, da gajiya, da jiki, da iyali, da aiki, har gwiwata ta fara ciwo. Sannan ta ce, “Baba, gari na neman guga guda wanda kowa zai sha daga bakinsa, tun daga liman har baƙon da ya ɓata hanya. An duba na roba an ce bai kai ba. An duba na ƙwarya an ce wasa ne. An ce in ba wasakin hannunka ba, gara a bari.”

Ya ɗago kai daga fatar da yake yanka. “Wa ya ce?”

“Kowa ma, Baba.”

Wallahi ba wanda ya ce. Na sunkuyar da kai don kada dariya ta tona mu. Tsohon ya ja tsaki, ya ce shi dama ya san ba mai iyawa. Kafin kasuwa ta zagayo ya ɗinka wani wasaki da ba a taɓa ganin irinsa ba, ya kai da kansa ya rataya. Daga ranar ya mayar da aikinsa gindin faru, basilla a hannu sanda a gefe, kuma kaiconka in ya ga ko bakin igiya ya shafi ƙasa. Haka ya zama dogarin gwafar har ya koma ga Allah.

Shi nake tunawa yanzu duk lokacin da na tsaya a bakin tankin unguwarmu a nan Batsari, wanda hasken rana ke cikawa. Na san Yaya za ta yi mamakin rana na jan ruwa ba igiya, za ta ce a ɗaga ta ta leƙa. Amma ba za ta daɗe tana mamaki ba, idonta zai sauka ƙasa. Tiyon da ake cika jarkoki da shi yashe yake a kwata, awaki na taka shi, a ɗauka a zura a jarka, a sake yarwa. Wata rana na kasa haƙuri na ce wa wani ɗan garuwa, “Kai, ɗan nan, ba ka da ido ne? Abin da za a sha kake jefarwa a kwata?” Ya ce, “Inna, layi ya yi tsawo, ki bar mu mu nemi abinci.” Muryar da ta fito daga bakina ranar ba tawa ba ce, ni kaina sai da na waiga. Na sa an buga ƙusa a bango. Ana rataya tiyon in ina tsaye, ana yar da shi in na tafi, don ni ba ni da Baba Tanko.

A can gida, bayan an shawo kan tsohon, saura shanu. Tun fil azal Fulanin rugagen da ke kewaye da mu a rijiyarmu suke shayarwa da rani, komin da shanu ke sha kuwa manne yake da bakinta. Yaya tana da ƙawa a cikinsu, Dudu, mai kawo mana nono, doguwa mai maganar sanyi, ita kaɗai ke iya ce wa Yaya “ke, yi shiru” ta yi. Ita ma ta binne yaro a waccan daminar. Ban san abin da Dudu ta faɗa wa mazansu ba. Na dai san an wayi gari an ga su da samarinmu sun ja komin can gangare, an yi masa 'yar hanyar ruwa da duwatsu, sun kuma daina zuwa da nasu gugan. Ina iya rufe ido yanzu in ga 'ya'yan Dudu mata, ƙanana, suna ɗage don su kai gwafa, suna naɗe igiya a hankali, uwarsu na tsaye tana dubawa. Ba zan ce daga nan ba a ƙara ciwo ba, amma daminar da ake jera ƙananan kaburbura ba ta sake zuwa mana ba.

Abin sai ya zame wa Yaya kamar ciwo. Biki ko suna, a Yasore ne ko a Tsaskiya inda goggonmu ke aure, mata na kai kwano da atamfa, ita gwafa take kaiwa. A ɗaure a bayan babur tana yagar rigunan mutane a hanya, a sauke mu a gidan biki, ta bar ni da gaishe-gaishe ta ce a nuna mata rijiya. Kunyar da na sha a duniya saboda Yaya, Allah kaɗai Ya sani. Aka sa mata Indo Mai Gwafa don tsiya, ta karɓi sunan hannu bibbiyu. Wasu garuruwan sun riƙe. Wasu muna juya baya suka tokare rumfa da ita, akwai ma inda muka koma muka tarar an dafa tuwon suna da gwafar. Ta ci tuwon, ta ce ya yi daɗi, ta sake kai musu wata.

Wata shekara ta neman ƙuri'a aka zo aka kafa mana famfon tuƙa-tuƙa a tsakar gari. Mun yi murna, ita ma ta yi, ruwa ne mai kyau. Amma kowa ya juya wa rijiya baya, sai ita. Kowace safiya ta je ta ja, ta zuba wa 'ya'yan darbejiyar da ta dasa a kewaye, ta zuba a komi ko da ba saniya. Na ce, “Yaya, ki ji tausayin bayanki mana.” Ta ce, “Rijiya rai gare ta, Rakiya. In aka daina ja sai ruwan ya kwanta, ya yi wari, idon ya toshe. Yawan ja ba ya kashe ta, rashin ja ke kashe ta.” Kowane rani kuma sai ta hana samari sakat har sun shiga sun yashe ta. Da wani ƙarfe ya karye a cikin famfon, aka yi ta jiran mai gyara har aka gaji, muka koma gindin faru da tulunanmu muna sunne kai. Na so in ce ta yi kawaici. Ina! Gori ta yi mana har ta bar duniya.

Da kaka ta rasu, ana cikin yankan gero, bayan 'yar gajeruwar jinya. Ana gobe za ta cika na shiga mata da kunu, ta ture kofin ta ce in ba ta ruwa, na rijiya. Ta kurɓa, ta riƙe shi a baki kamar mai sauraren wani abu, sannan ta haɗiye. Ta ce, “Kada a bar ta ta wuni ba a ja ba.” Na ce to.

Abin da ya biyo baya ba sai na ba mutanen yankinmu labari ba. An fara da shanu, aka dawo kan mutane. Rugagen su Dudu ne suka fara watsewa: an kwashe musu dabbobi, wasu suka yi kudu, wasu samarin aka ce sun shiga daji, Dudu kanta ban sake jin ɗuriyarta ba. Mu muka daure, muka daure, har ranar da daurewa ta ƙare. Da safe muka fito, da abin da kai da jaki za su iya ɗauka. Da muka zo gindin faru na sauke kayana, na ja guga ɗaya na zuba wa darbejiya, na rataye shi. Sau da yawa nakan gode wa Allah da bai nuna wa Yaya wannan rana ba, don na san da tana nan sai dai a ciccibe ta tare da gwafar.

Tun da muka dawo gari nake wani mafarki, kuma ba ya zuwa sai da rana, in na kishingiɗa bayan azahar. Sai in gan ni a garin nan na ƙarƙashin rijiya. Komai na nan yadda yake. Hayaƙi na tashi, ana daka, Baba Tanko na gindin faru, Hajara na bin kaji ba ta girma ba. Hasken wurin irin na bayan an ɗauke ruwan sama. Yaya na tsaye ta ɗaga kai tana kallon wani ɗan faifan haske can sama, ba ta ko duba na, sai ta ce, “Rakiya, an ja?” Sai in farka da ƙishi.

Bana aka ɗan samu lafawa. Ban ce lafiya ba, lafawa na ce. Mazanmu suka fara taruwa a ƙofar gidan da mai unguwa ke zaune, ana shawarar ko a koma kafin shuka. Magana ta tsaya a wuri ɗaya. Ɗaki in ya faɗi a tayar, gona in ta zama saura a share, amma in rijiya ta mutu ba komawa. Masu haƙa sun watse, ƙarfin sabuwa babu, famfon kuwa tun muna can ya zama turken jakuna. Kowa kuma ya san abin da Indo ta ce game da rijiyar da ba a ja. Wasu suka ce kada ma a wahalar da kai, a bar wa masu iya kasada gonakin, a haƙura. Ke nan ƙauyen da aka binne cibiyoyinmu zai zama suna kawai, jikokinmu su riƙa cewa wai daga can muke.

Maigidana Malam Sule ya ce shi zai je ya gano, gani ya kori ji. Na ce da ni. Ya ce ba inda zan je. Na ce, “Malam, kai ruwan da aka miƙo maka kake sha. In ka leƙa ka ga ruwa, ka san mai rai ne ko gawa?” Ya yi ta faɗa, ni kuwa ina ɗaura ɗankwali. Mun daɗe tare, ya san inda ake tsayawa.

Muka kama hanya da hantsi a kan babur ɗinsa. Bayan Wagini hanyar ta tsuke, sabara ta cinye ta daga gefe biyu, ba kowa, ko kukan jaki babu. Ni dai ina ta karanto abin da na iya. Da muka shiga gari ban gane gidanmu ba sai da tsamiyar ƙofa. An kwashe kwanon rufi, katangu sun zube, tumfafiya ta fito a tsakar ɗakin da na haifi 'ya'yana. Ban yi kuka a nan ba. Na ce wa Malam mu wuce gabas.

Darbejiyoyin Yaya sun girma har sun haɗa kai da faru. Gwafar na nan tsaye, ta yi baƙi, ta tsattsage, ba ta ko karkata ba. Kuma akwai guga a kanta.

Na tsaya cik. Ba namu ba ne, namu na fata ne, da tuni ya ruɓe. Wannan wata rawayar jarka ce aka yanke wa kai aka ratsa mata ice, igiyar kuwa tufkar hannu ce, irin ta dangwalin da Fulani ke ɗaure maruƙa da shi. An naɗe ta tsaf an rataye a ɗaya reshen. Na kai hannu na taɓa, da danshi. A ƙasa cikin laima ga sawun ƙafar mace, da wani ɗan ƙarami a gefensa, sun nufi daji. Komi na can gangare inda aka bar shi, da sauran ruwa a ciki, kashin shanu duk a can ya tsaya, ko ɗaya bai matso bakin rijiya ba.

Malam Sule ya duba gabas ya duba yamma, ya rage murya. “Rakiya, mutanen dajin nan ne fa. Yi abin da za ki yi mu bar nan.”

Na zura gugan. Na ji tsundum ɗin da ya yi da ya tarar da ruwa, wanda na yi shekaru ba na ji sai a mafarki. Na jawo. Ruwan garau, sanyi ƙarara. Na kurɓa na riƙe shi a baki yadda ta yi. Ɗanɗanon nan ne, na ƙasarmu, mai ɗan gardi kamar na sabon tulu. A nan kukan ya zo, na zauna daɓas na yi mai isata, Malam na tsaye yana ta ba ni haƙuri alhali shi ma gemunsa ya jiƙe. Sannan na kwanta rub da ciki, tsohuwa da ni, na leƙa. Faifan sama na nan, da kai ɗaya a gefensa. Na yi sallama, aka amsa.

Mun cika 'yar jarkar da muka je da ita. Da la'asar, da muka dawo Batsari, mai unguwa ya sha, ya miƙa wa na kusa da shi, kofin ya zagaya ya dawo. Sannan tsohon ya ce a nemo masu kwaɓa ƙasa. Yanzu da nake rubutun nan gidaje kaɗan sun koma, sun yi shuka, suna barci da ido ɗaya. Ban san ko abin zai ɗore ba, Allah Ya sani. Har yau ba wanda ya ga mai jan ruwan, sai dai sun ce wani lokaci da sassafe sukan tarar da igiya da danshi kafin kowa ya ja.

Na yi ta juya abin a raina. Wataƙila ɗaya daga cikin 'ya'yan Dudu ce, waɗancan masu ɗage don su kai gwafa. Wataƙila matar ɗaya daga cikin waɗanda suka raba mu da gidajenmu ce, tana ɗibar ruwan Yaya ta dafa masa abinci. Wataƙila kuma duka biyun mace ɗaya ce, wannan tunanin shi ya fi tsaya mini a wuya. Akwai ranar da haushi ke hana ni cin abinci, mu muna nan muna shan ruwan tiyon kwata, su suna shan namu a sanyaye. Ban yafe ba, ba zan yi ƙarya a jarida ba. Amma na san abin da Yaya za ta tambaya, don na san ta. Ba ruwanta da wace ce, ko matar wa. Cewa za ta yi, “Ta rataye?” In na ce ta rataye, ta ce, “To, 'yar halak ce,” ta ci gaba da abin da take yi.

Gidan Yaya ya rushe. Kabarinta ya shafe cikin sauran, na nema ban gane ba. Hoto ɗaya gare mu, shi ma ta ɗaure fuska kamar za ta ci mai ɗauka, sunanta kuwa ba ya jikin kowane allo a bakin hanya. Abin da ta bari wata 'yar ɗabi'a ce a hannun mutane, ta a ɗaga guga a rataye, kuma ɗabi'ar ta zauna a garin a shekarun da mu ba mu samu zama ba. Wata mace, a kangon gari, ba Baba Tanko ba mai kallonta, ta yi ta ja tana naɗe igiya, har ta riƙe mini amanar “to” ɗin da na amsa a bakin gadon Yaya. Allah Ya jiƙan Indo, Ya haɗa ta da Hajara, Ya shayar da su daga Alkausara, mu kuma Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.

Ranar, da za mu taho, Malam Sule ya riga ya tayar da babur na hau, sai na waiwaya na ga bakin igiyar ya zamo yana lilo, saura ƙiris ya shafi ƙasa. Ni na naɗe ta, hannu ya manta. Na ce ya tsaya. Ya ce, “Rakiya, don girman Allah, rana na yi.” Na sauka na koma, na warware ta, na sake naɗewa a hankali yadda na tarar da ita, na rataye. Ai ba zan bari matar nan ta zo gobe ta ce mutanen Indo ba su iya ba.